Ringi Zai Komo: Nazari a Kan Wata Kalmar Ibrananci

Karatu: Ishaya 7:1-9, 10:20-23, Romawa 11:1-6.

Darasinmu na wannan wata a kan kalma guda ne, wadda Littafi Mai Tsarki na Hausa yakan juya ta da "ringi", wani wuri kuma da "saura" ko "waɗanda suka ragu". Samarin yanzu ba su cika jin ringi a bakin mutane ba, amma dattawa sun san ta, watau ɗan abin da ya rage bayan mai yawa ya tafi. Abin da ya sa na ga ya kamata mu zauna a kanta shi ne, ana yawan ɗaukarta cikin wa'azi a aza mata kayan da ba nata ba. Mutum ya yi faɗa da dattawan ekklesiyarsu, ya janye 'yan mutane ya kafa tasa rumfa, sai ka ji yana cewa su ne ringin da annabawa suka ambata. Wani kuma mai bishara ne a ƙauye, shekara da shekaru jama'arsa ba ta cika benci uku, har ya karai, yana cewa aikin ya mutu. Dukansu biyu suna bukatar jin abin da kalman nan take faɗi a harshenta na asali.

Ibrananci, wanda aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi, ɗan'uwan Larabci ne, yakan gina kalmominsa a kan baƙaƙe uku. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, gama hukunci da hakimi da hikima duka daga baƙaƙe uku na Larabci suka fito. Baƙaƙen tamu kalma su ne shin, da alef, da resh. Daga cikinsu aka sami kalmar aiki, sha'ar, watau ragu, da sunaye biyu, she'ar da she'erit, watau ringi. Idan aka tattara dukan 'ya'yan wannan saiwa, sun bayyana fiye da sau 200 cikin Tsohon Alkawari, she'erit kaɗai wajen sau 66. Ishaya ya fi son she'ar, Irmiya kuwa she'erit ce a bakinsa. Ga kuma abu guda na nahawu da nake roƙon mai karatu ya riƙe, gama darasin duka a kansa yake tsaye. Kamar yadda muke bambanta "hatsi ya ragu" da "maigida ya rage hatsi", haka Ibrananci yake bambanta nish'ar, ya ragu, da hish'ir, ya rage ko ya bari. Na farin yana faɗin abin da ido ya gani kawai. Na biyun yana nuna akwai hannun da ya yi abin.

Kalmar ita kanta ba ta ɗauke da wani tsarki. Cikin Ishaya 44 annabi yana yi wa masassaƙi ba'a, wanda ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, sa'an nan ya sassaƙa gunki da sauran. Wannan sauran itacen, she'erit aka kira shi. Cikin Fitowa kuma an faɗi cewa ko fara ɗaya ba ta ragu a Masar ba bayan iska ta kwashe su, ko mutum ɗaya kuma bai ragu daga rundunar Fir'auna a teku ba. Kalmar gida ce, kalmar gona da fagen yaƙi.

Amma idan muna so mu ji nauyinta a kunnen Ba'ibrane, sai mu duba 2 Sama'ila 14. Wata mace daga Tekowa ta zo gaban sarki Dawuda cikin kayan makoki. Ta ce ita gwauruwa ce, 'ya'yanta maza biyu sun yi faɗa a gona, ɗaya ya kashe ɗaya, yanzu dangi sun tashi sai an ba su mai kisan su kashe shi. Ta kamanta ɗan nan da garwashi guda da ya rage mata, ta ce idan aka kashe shi mijinta ba shi da suna, ba shi da she'erit a duniya. Yowab ne ya shirya mata labarin, amma Dawuda ya gaskata shi nan da nan, domin abu ne da kowa ya san zafinsa. Matan da suka yi girki kafin ashana ta yawaita sun san darajar garwashin da aka binne cikin toka da dare. Ba ya dafa tuwo, ba ya haskaka ɗaki, amma in yana nan, da safe akwai wuta a gidan. To, ringi ke nan. Abin tambaya a kansa kullum shi ne ko gidan zai ci gaba ko ya mutu.

Akwai waɗansu kalmomi da suke tafiya tare da ita, zan ambace su a taƙaice. Palit shi ne wanda ya sha da ƙyar, kamar mutumin da ya tsere ya kawo wa Ibrahim labarin an kama Lutu, da wanda ya iso wurin Ezekiyel a Babila ya ce an ci Urushalima. Taron irin waɗannan kuwa peleta ne. Sarid shi ne wanda takobi ya tsallake, littafin Joshuwa yakan ambace shi sa'ad da yake cewa ba a bar ko ɗaya ba. Yeter kuma shi ne ragowa ko rara. Annabawa sukan haɗa su biyu biyu cikin aya ɗaya, saboda haka kada mu matsa bambancinsu fiye da kima.

Wuri na fari da kalmar ta bayyana shi ne Farawa 7:23, inda aka ce bayan rigyawa Nuhu kaɗai ya ragu, da waɗanda suke tare da shi cikin jirgi. Mutum 8 ke nan daga dukan duniya. Tun a nan muna ganin fuskokin kalmar guda biyu, gama ba a maganar ringi sai an yi babbar hasara, amma kuma ba a maganarsa idan kome ya ƙare. Sa'an nan cikin Farawa 45:7 Yusufu ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa, ya gaya musu Allah ne ya aiko shi gaba domin ya kafa musu she'erit a ƙasa, ya rayar da su da babbar peleta. Ku lura da su wane ne aka kafa wa ringin nan. Su ne mutanen da suka jefa ƙanensu a rami, suka sayar da shi, suka tsoma rigarsa cikin jinin akuya suka kai wa tsohonsu. Nuhu ma da ya fito daga jirgi, ba a daɗe ba aka same shi bugagge cikin alfarwarsa. Wanda ke neman cancanta a wurin ringi zai sha wahalar samunta tun daga littafi na fari.

Yanzu mu zo ga Iliya, inda ɗan nahawun nan namu zai yi aiki. Bayan abin da ya faru a Dutsen Karmel, Yezebel ta aika masa da saƙon kisa, ya gudu har Horeb, tafiyar kwana 40. Can cikin kogo ya kai ƙara gaban Ubangiji har sau biyu da magana iri ɗaya: an rushe bagadai, an kashe annabawa, shi kaɗai ya ragu. Kalmar da ya yi amfani da ita ta dangin yeter ce, a sifar nan ta "na ragu", kamar abu ne da ya auku haka kawai. Ubangiji kuwa da zai amsa, cikin 1 Sarakuna 19:18, sai ya ɗauki tamu kalma a ɗaya sifar, hish'arti, watau ni ne mai ragewa, ya ce akwai mutum 7,000 cikin Isra'ila waɗanda ba su durƙusa wa Ba'al ba. Iliya ya ƙirga da idonsa ya sami ɗaya. Abin mamaki ma, ba da daɗewa ba Obadiya, wakilin gidan Ahab, ya gaya masa baki da baki ya ɓoye annabawa 100 cikin koguna yana ciyad da su. Gajiya da tsoro sukan sa mutum ya manta da abin da ya sani. Ubangiji bai tsawata masa da zafi ba, amma bai bar shi cikin kogon ba kuma. Ya ce ya koma ta hanyar da ya zo, ya shafe sarakuna biyu, ya shafe Elisha ya gāje shi. Ɗan'uwa mai bishara da kake ƙirga benci, littafin ƙirga ba a hannunka yake ba.

Kada kuwa mu ɗauka kowane wurin da aka ambaci ringi ta'aziyya ce. Amos, makiyayi daga Tekowa, ya yi annabci a Isra'ila ta arewa zamanin Yerobowam na biyu, wajen shekara ta 760 kafin haihuwar Kristi, lokacin da ƙasa take cikin wadata, mutane suna cewa ko masifa ta zo su za su tsira. Amos ya ce, i, za a tsirar da ku, irin yadda makiyayi yakan ƙwato ƙafa biyu ko guntun kunne daga bakin zaki. Duk wanda ya taɓa ba makiyayi amanar dabba ya gane maganan nan. Shari'ar Musa, cikin Fitowa 22:13, ta ce idan naman jeji ya kashe dabbar amana, makiyayi ya kawo abin da ya rage domin shaida, don kada a ce shi ya sayar. Guntun kunne shaidar mutuwar tunkiya ne. Amos ya ƙara da lissafi, ya ce garin da ya fita yaƙi da mutum 1,000 zai rage da 100, mai 100 kuma da 10. Da ya zo ga maganar jinƙai a kan she'erit na Yusufu, cikin 5:15, sai ya sa mata "watakila" a gaba. Samariya ta faɗi a shekara ta 722, Sargon na biyu, sarkin Assuriya, ya sa aka rubuta cewa ya kwashe mutum 27,290 daga cikinta.

Annabin da ya fi kowa zama a kan kalman nan shi ne Ishaya, har ya raɗa wa ɗansa ita. Wajen shekara ta 734, Rezin sarkin Suriya da Feka sarkin Isra'ila suka haɗa kai za su faɗa wa Yahuda. Zuciyar sarki Ahaz da ta mutanensa ta kaɗu. Ubangiji ya aiki Ishaya ya tarye shi a bakin magudanar ruwa ta tafki na bisa, inda ga alama sarki ya je duba ruwan birni saboda yaƙin da ke tafe, ya kuma umarce shi ya tafi da ɗansa Sheyar-yashub. Yaron bai ce uffan ba, sunansa ne wa'azin. She'ar, ringi. Yashub, zai komo.

Masana sun daɗe suna gardama ko sunan nan gargaɗi ne ko alkawari. A Ibrananci bisa ga al'ada kalmar aiki ce takan zo da fari, amma a nan an sa ringi gaba, an ɗora masa nauyi. Waɗansu suka ce ma'anar ita ce ringi kaɗai zai komo. Waɗansu suka ce a'a, lalle ringi zai komo. A ganina Ishaya ya bar sunan da baki biyu da gangan, gama cikin sura 10 shi da kansa ya fassara shi ta hanya biyun, aya bayan aya. A aya 21 ya ce ringin Yakubu zai komo wurin Allah Mai Iko. A aya 22 ya ce ko da jama'ar ta kai yawan yashin teku, ringi ne kawai daga cikinta zai komo. Ahaz ne zai zaɓi bakin da zai yanke shi. Ya kuwa zaɓa, gama ya kwashi azurfa da zinariya daga Haikali ya aika wa Tiglat-filesar sarkin Assuriya, yana kiran kansa bawansa. Ya kira kura ta kore masa kare.

Rabin sunan na biyu ma abin dubawa ne. Yashub daga shub yake, kalmar da take nufin komowa daga tafiya, ita ce kuma kalmar annabawa ta tuba. Saboda haka Ishaya 10:20 ya bayyana alamar ringi, ya ce ba za su ƙara jingina ga wanda ya buge su ba, ga Ubangiji za su jingina da gaskiya. Tsira daga takobi kaɗai bai isa ya mai da mutum ringin Ishaya ba, sai ya juyo. Wurin wa zai juyo? Sunan da aka ba Allah a aya 21, El Gibbor, shi ne sunan da aka ba Yaron da za a haifa mana cikin Ishaya 9:6. Mai karatu ya ajiye wannan a zuciya.

Abin da Ahaz ya shuka, ɗansa Hezekiya ya girba. A shekara ta 701 Sennakerib ya auka wa Yahuda. Labarin da ya sa aka rubuta a kan wani tubalin yumɓu mai fuska 6 yana nan a gidan kayan tarihi na Birtaniya a Landan, tare da zanen yaƙin Lakish da aka tono daga fadarsa a Nineba. A ciki ya yi fahariya ya ci birane masu garu 46, ya kulle Hezekiya cikin Urushalima kamar tsuntsu a keji. Bai ce ya ci birnin ba. Wannan ya yi daidai da Ishaya 1:8-9, inda aka kamanta Sihiyona da bukkar mai tsaro da ta rage ita kaɗai a tsakiyar gona, aka ce da Ubangiji bai bar musu ɗan sarid ba, da sun zama kamar Saduma. Hezekiya ya aika a roƙi annabi ya yi addu'a domin she'erit da ya rage. Amsar da ta zo, cikin Ishaya 37:30-32, amsar manoma ce. Bana za ku ci gyauro, baɗi ma haka, a shekara ta uku ku yi shuka ku girbe. Ringin zai kafa saiwa ƙasa, ya ba da 'ya'ya sama, himmar Ubangiji ce kuwa za ta aikata wannan. Saiwa tukuna, wadda ba mai ganinta, kafin 'ya'ya.

Sa'an nan mu zo ga wurin da ya kamata masu saurin kiran kansu ringi su karanta a tsanake. A shekara ta 597 Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yekoniya da manyan gari da maƙera da masu sana'a zuwa Babila. Waɗanda aka bari a Urushalima suka ce, ai ga shi a fili, waɗancan Allah ya yashe su, mu ya zaɓa, ƙasa tamu ce. Ubangiji ya nuna wa Irmiya kwando biyu na ɓaure a gaban Haikali, ɗaya mai kyau ƙwarai, ɗaya ruɓaɓɓe wanda ba ya ciwuwa. Masu kyaun su ne waɗanda aka kai bauta, su ne za a ba su zuciyar da za ta san Ubangiji. Ruɓaɓɓun kuwa su ne sarki Zadakiya da fādawansa da she'erit na Urushalima. Haka Irmiya 24:8 ya kira su, da kalman nan tamu. Bayan an rushe birnin a shekara ta 586, 'yan kaɗan da suka rage cikin kufai suka sāke wannan lissafi, suka ce Ibrahim shi kaɗai ne ya gāji ƙasar, balle mu da muke da yawa. Ezekiyel 33 ya amsa musu da jerin zunubansu.

Labarin ƙarshensu abin tausayi ne. Da aka kashe Gedaliya, wanda Babila ta naɗa musu mai mulki, sai Yohenan da sauran shugabanni suka zo wurin Irmiya, suka ce ya yi addu'a domin wannan she'erit, suka rantse za su bi duk abin da Ubangiji ya faɗa, mai daɗi ko marar daɗi. Bayan kwana 10 amsa ta zo, ku zauna a ƙasar, kada ku tafi Masar. Suka ce da annabi ƙarya yake yi, suka tattara jama'a, har da shi Irmiyan, suka gangara Tafanes ta Masar. Sun riga sun ɗaure kaya kafin su nemi addu'a. Ba mu rasa irin wannan neman shawara a majalisun ekklesiya ba.

To, waɗanne irin mutane ne Allah yake ragewa? Manomi in zai ajiye iri, yakan bi dami ya zaɓi zangarniya mafi tsawo, mafi cika, ya rataye ta dabam inda ɓera ba zai kai ba, ko yunwar bazara ta yi tsanani ba ya taɓa ta. Misalin ya dace ta gefe ɗaya, gama ringi iri ne da aka ajiye domin shuka. Amma ta gefen zaɓe misalin ya karye. Cikin Mika 4:6-7 Ubangiji ya ce guragu da korarru zai tattara, su zai mayar she'erit. Cikin Zafaniya 3:12 ya sāke faɗin kalmar da ya faɗa wa Iliya, hish'arti, ya ce mutane masu tawali'u da matalauta zai bari, waɗanda mafakarsu sunan Ubangiji ne, ba a kuwa samun ƙarya a bakinsu. Mika ya rufe littafinsa yana mamakin Allah wanda yake gafarta laifin ringin gādonsa. Ashe ringi yana da laifin da ake gafartawa.

Waɗanda suka komo daga Babila bayan Sairus ya ci ta a shekara ta 539 sun gane wannan. Ezra 2 ya ba da jimillarsu, 42,360, ban da bayi. Haggai, a shekara ta 520, ya kira su she'erit na jama'a sa'ad da yake zuga su su koma ginin Haikali. Da Ezra ya yi addu'a cikin sura 9, da yagaggen tufafi ya yi ta, yana jin kunyar ɗaga fuska, ya ce alheri ne aka nuna musu na ɗan lokaci, aka bar musu peleta, aka ba su turke a wuri mai tsarki. Maganar da ya yi a aya 14 ta rayu har zamaninmu. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a shekara ta 1945, wanda a cikinsa gwamnatin Hitila ta hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, waɗanda suka fito da rai suka taru a sansanonin 'yan gudun hijira a Jamus da Ostiriya da Italiya, suka kira kansu She'erit ha-Peleta, ringin da ya tsira. Da wannan suna aka buga takardun sunayen masu rai domin dangi su nemi juna.

A nan zan ɗan ratse. Cikin masu karatunmu akwai waɗanda suka tsira daga hari ko annoba ko haɗarin hanya, waɗanda suke tare da su kuwa ba su tsira ba, dare ya yi suna tambaya, don me ni? Kada mai wa'azi ya ce da irin wannan mutum bangaskiyarsa ce ta fi ta mamatan. Ubangijinmu ya hana wannan lissafi cikin Luka 13, da ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa musu, ya ce ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. Kalmarmu ba ta bayyana dalilin da ya sa aka ɗauki wannan aka bar wancan. Abin da take faɗi shi ne, wanda ya ragu hannu ne ya rage shi, akwai kuma gona a gabansa. A zauna da shi, a bar shi ya yi kukansa, maganar gona ta jira lokacinta.

Kusa da zamanin Ubangijinmu akwai wata jama'ar Yahudawa da ta janye zuwa Kumran, a bakin Tekun Gishiri. Tun daga shekara ta 1947 aka fara samun littattafansu cikin koguna, har da Ishaya kusan cikakke, wanda aka kwafa fiye da shekara 100 kafin haihuwar Kristi. Sun ɗauki kansu su ne ringin Isra'ila, sauran duka 'ya'yan duhu. Cikin ƙa'idodinsu an hana gurgu da makaho da kurma shiga taron jama'a. Ka gwada wannan da Mika, ka kuma gwada shi da misalin biki cikin Luka 14, inda maigida ya aika a shigo da matalauta da guragu da makafi. Cikin Linjila huɗu ba mu ji Yesu ya kira almajiransa ringi ba, ƙaramin garke ya kira su. Daren da aka bashe shi ma garken nan ya watse, masu aminci na Isra'ila suka ragu har suka zama Mutum ɗaya. Shi ne tohon da Ishaya 11 ya ce zai fito daga kututturen Yesse, shi ne El Gibbor wanda ringi yake komowa wurinsa.

Manzo Bulus, da yake rubuta wa Romawa wajen shekara ta 57, yana da baƙin ciki domin yawancin danginsa ba su karɓi Kristi ba. Ya ɗauko ayoyin nan biyu na Ishaya cikin sura 9. A nan akwai wani abu mai daɗi. Bulus ya bi fassarar Helenanci da Yahudawan Iskandariya suka fara tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Kristi, a cikinta kuwa inda Ishaya 1:9 ya ce sarid, masu fassara sun sa kalmar da take nufin iri. Wanda takobi ya tsallake ya zama irin shuka. Cikin sura 11 ya komo kan Iliya, ya ƙara wata 'yar kalma da ba ta cikin Ibrananci, cewa Allah domin kansa ya rage mutanen nan 7,000. Sa'an nan ya ce haka yake a zamaninsa, akwai ringi bisa ga zaɓen alheri, in kuwa alheri ne, ayyuka ba su da hannu a ciki. Ringin da Bulus yake nufi a nan Yahudawa ne masu bi, irinsa, su ne shaidar cewa Allah bai yashe jama'arsa ba. Mu al'ummai rassan zaitun na jeji ne da aka ɗaura a jikin itacen, an kuma gargaɗe mu kada mu yi wa rassan asali fahariya, gama saiwa ce take ɗauke da mu.

Yakubu ma ya taɓa kalman nan a taron Urushalima, wajen shekara ta 49, da ake gardama ko sai al'ummai sun yi kaciya kafin a karɓe su. Ya kawo Amos 9:11-12. A Ibrananci ayar tana maganar she'erit na Edom. Amma Edom da adam, watau ɗan adam, baƙaƙensu na saiwa ɗaya ne, fassarar Helenanci kuwa ta karanta ta a kan sauran 'yan adam da za su nemi Ubangiji. Da wannan aya aka yanke shawara kada a nawaita wa al'ummai masu juyowa ga Allah, aka rubuta wasiƙa zuwa Antakiya, jama'a suka karanta suka yi murna.

Wanda zai koyar da darasin nan a aji ya sa a karanta Irmiya 42 da 43 da murya tun daga fari har ƙarshe, sa'an nan Romawa 11, kafin a fara tattaunawa. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu ɗauki rabin sunan yaron nan na biyu, watau shub, mu bi ta cikin Yusha'u da Irmiya.